Idan Za A Yi Wa Jariri Tiyata

 Kwanakin baya wata yarinya mai goyon fari daga wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta ta kwana a wani babban asibiti cikin birnin Kano tare da uwar mijinta, domin da safe za a yi wa ɗanta mai wata huɗu aikin ƙaba. Nas ta ce daga ƙarfe huɗu na asuba kada a ƙara ba shi nono. Wajen ƙarfe bakwai yaro ya tsananta kuka. Tsohuwa ta ce, "Ke 'yar nan, wane irin rashin imani ne wannan? Juya baya ki ba shi, wa zai sani?" Yarinya ba ta iya musu da suruka, ta ba shi. Allah ya taimaka, da likita ya tambaya sai ta faɗi gaskiya. Aka ɗage aikin, kuɗin mota da na abinci suka ƙaru, maigida ya rasa yinin gona a tsakiyar damina, amma sun koma gida da yaronsu.

Ba mugunta ce ta sa likitoci ke hana jariri nono ba. Mutumin da yake farke, in abu ya nufi hanyar numfashinsa sai ya ƙware, ya yi tari, abin ya fito. Maganin barcin da ake bayarwa a ɗakin tiyata yana kwantar da wannan tarin tare da sauran jiki. To, in akwai nono a cikin yaro ya yi tumbuɗi yana cikin wannan barci, nonon huhu zai gangara, kuma wannan yana iya kisa. Shi ya sa aka saba ƙayyade awa 4 ga nonon uwa, awa 6 ga madarar gwangwani ko ta shanu ko kunu, awa 2 ga ruwa zalla. In asibitinku sun faɗi wani lokaci dabam, nasu za ki bi. Ruwan rubutu da jiƙo da zuma duk suna cikin lissafi, domin ciki bai san wanne ne magani ba.

A nan ne al'adarmu ta kunyar ɗan fari take kawo cikas. Sau da yawa kaka ce ke shiga wurin likita da yaro, uwa tana waje ta sunkuyar da kai, alhali nonon a jikinta yake. Ranar da za a yi bayanin aiki, uwa ta ajiye kunya ta shiga ta ji da kunnenta, kaka ma ta ji. Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi rana: ki raka yayarki ko innarki, ki rubuta lokacin a takarda, ki riƙe mata agogo. In an ce aiki ƙarfe takwas, shan nono na ƙarshe ya ƙare kafin ƙarfe huɗu na asuba. In layi ya yi tsawo rana ta take ba a kira ku ba, a je a gaya wa nas, ita ta san ko za a sa masa ƙarin ruwa. Uwa ta goya shi, ta zaga da shi, in nono ya cika ya dame ta ta tatse.

Abu na biyu, kada a ɓoye wa likita komai. In yaro yana mura, ko tari, ko zazzaɓi, a faɗa tun da wuri, ko da hakan zai sa a ɗage ranar, domin mura tana sa hanyar numfashin jariri ta tsuke a ƙarƙashin maganin barci. A faɗa in bakwaini ne, in akwai sikila a gidan, in wani a dangi ya taɓa shan wuya da aka sa shi barcin tiyata, da kuma duk wani sassaƙe da aka ɗura masa. Likita ba alƙali ba ne, so yake ya san abin da ke jikin yaron. Maigida kuma ya kasance kusa, saboda sa hannu a takardar yarda, da kuma ko za a bukaci jini.

Na san abin da ke ran yawancinmu: tsoron kada yaro ya ƙi farkawa, ko ya tashi da taɓin ƙwaƙwalwa. Abin mamaki, mu ɗin nan ne muke miƙa jariri ɗan kwana bakwai ga wanzami ya cire masa beli da ƙarfe, ba maganin zafi, ba mu ce uffan ba. A ɗakin tiyata akwai ma'aikaci guda wanda ba shi da aikin komai sai lura da numfashin yaro da bugun zuciyarsa, kuma sai an auna nauyin yaro ake ƙiyasta maganin. Game da ƙwaƙwalwa, an bi jarirai 722 da aka yi wa aikin ƙaba a ƙasashe bakwai, rabi aka sa su barci, rabi aka kashe musu ƙasan jiki kawai. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna da suka kai shekara biyar ba bambanci a basirarsu, ga barcin da bai kai awa ɗaya ba.

Jinkiri ne ya fi maganin barci haɗari. Cibiyar da ta bulluƙo yawanci takan koma da kanta kafin yaro ya shekara biyar, ba sai an ɗaure ta da kwabo ba. Amma kumburin matsematsi ko na maraina, wanda yake fitowa in yaro ya yi kuka ya koma in ya yi barci, hanji ne ke leƙowa, kuma ba ya warkewa sai da aiki. Ranar da ya yi tauri ya ƙi komawa, yaro yana amai, musamman kore, ciki ya kumbura, to hanji ya shaƙe. Kada a jira gari ya waye ko ranar kasuwa. A nufi babban asibitin Ɗambatta ko na Bichi, in aikin ya fi ƙarfinsu za su tura ku birni, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Bayan aiki yaro zai farka da rigima, wani da ɗan amai ko dishewar murya. Sai nas ta ce a ba shi nono sannan a ba shi, kaɗan-kaɗan. Bakwaini da ɗan ƙaramin jariri akan kwantar da su a ga numfashinsu har safe. A gida kuwa, ɗinkin ba ya son toka, ko man shanu, ko gashi da ruwan zafi. A bar shi a bushe, a ba da maganin zafi daidai yadda aka rubuta, a tambayi nas yaushe za a fara wanka da goyo. In wurin ya yi ja, ko ruwa na fita, ko yaro ya ƙi kama nono, a koma asibiti ba sai ranar da aka rubuta a kati ta zo ba.