Ƙaramar bindiga a jaka: abin da doka ta tanada ga macen da ke aiki a Sharaɗa, Chalawa da Bompai

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon: wata Ba'amurkiya ta jera ƙananan bindigogi a kan tebur, tana bayanin wadda ta fi dacewa da tafin hannun mace, wadda ba ta da nauyi, da wadda za a soke a ƙugu ko a saka a jaka ba tare da kowa ya lura ba. Sunayen da ake yawan ambata su ne Glock 43, SIG Sauer P365 da Shield EZ ta kamfanin Smith & Wesson, wadda aka ƙera ta yadda mai ƙarancin ƙarfin hannu zai iya ɗana ta.

A Kano, inda ƙwacen waya da faɗan daba suka zama abin da ake kwana ake tashi da shi, ba abin mamaki ba ne macen da ke fita aiki da asuba ko ta dawo bayan isha'i ta kalli irin wannan bidiyo ta ji dama ita ce. Matan da ke aiki a masana'antun Sharaɗa, Chalawa da Bompai, da masu tsince riɗi da zoɓo a rumbunan 'yan kasuwa, da masu sayar da abinci a bakin ƙofar kamfanoni, suna cikin waɗanda suka fi sanin yadda waɗannan tituna ke zama idan rana ta faɗi: dogayen katangu hagu da dama, ba shago, ba majalisa, ba gidan da za a ƙwanƙwasa. Sai dai tambayar da Ba'amurkiya ke yi, wato wace bindiga zan zaɓa, ba ta ma taso ba a Najeriya, domin doka ta rufe ƙofar tun daga nesa.

Rukuni uku na bindigogi

Dokar da ke tafiyar da mallakar bindiga a ƙasar nan an yi ta ne a 1959, kafin samun 'yancin kai, kuma har yau ita ce ginshiƙi. Ta kasa bindigogi gida uku, kowane da wanda ke da ikon ba da lasisinsa.

Na farko shi ne na haramtattun makamai. A nan ne aka lissafa bama-bamai, gurneti, rokoki, bindigogi masu sarrafa kansu da bindigogin soja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin wannan jeri ɗin aka saka fistol da rabalba, wato ainihin ƙananan bindigogin da ake tallatawa mata a Amurka. Ba wanda zai riƙe ɗaya daga cikinsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ke nan a idon doka, 'yar bindigar da za ta shige jakar hannu tana layi ɗaya da AK-47.

Rukuni na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku kuma su ne na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin harbi-ka-ruga ta mafarauta, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke da hurumi a kansu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan biyun da za ta ɓuya a ƙarƙashin hijabi, balle a hau Adaidaita Sahu da ita a tafi aiki.

Dokar ba ta bambanta mace da namiji ba. Waɗanda ta haramta wa lasisi su ne wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai matsalar gani, mashayi ko wanda ba ya iya riƙe kansa, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. Ko wanda ya tsallake waɗannan ma, lasisi ba haƙƙinsa ba ne. Hukuma na iya hana shi ba tare da ta yi masa bayani ba. A watan Agustan 2023 ma, Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai, yana mai cewa makaman da ke yawo a hannun jama'a sun yi yawa.

Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne. Wanda aka kama da bindiga ta rukunin farko ba lasisi, mafi ƙarancin ɗaurin da dokar ta yanka masa shi ne shekara 10. Ba sai an harba ta ba, ba sai an nuna wa kowa ita ba, samun ta a jaka kawai ya isa. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984 wadda ita ma ta tanadi hukunci kan mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Uzurin cewa ana tsoron ɓarayin waya ba ya cikin abin da ke wanke mutum.

Gwamnonin da suka ce a nemi makami

Wani zai ce ai manya da bakinsu sun ce kowa ya tashi ya kare kansa. Haka ne. A watan Maris na 2018 Janar T.Y. Ɗanjuma ya yi irin wannan kira a Jalingo. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya nemi mutanen yankunan da 'yan bindiga suka addaba su nemi makamai. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ƙara gaba, ta ce za ta raba fom ɗari biyar ga kowace daga cikin masarautu 19 na jihar domin masu son lasisi. Ba a ɗau lokaci ba babban hafsan tsaro na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Kuma gaskiyarsa ce, domin sha'anin makamai na gwamnatin tarayya ne kaɗai a tsarin mulki. Jawabin gwamna ba ya zama hujja a gaban alƙali.

A majalisa ma an gwada. A farkon 2024 Sanata Ned Nwoko daga Delta ya fito da ƙudurin da zai bai wa farar hula damar riƙe bindiga bayan horo da gwajin ƙwaƙwalwa, aka yi ta muhawara a kansa a rediyo da shafukan sada zumunta. Dokar da ta samu sa hannun Shugaba Bola Tinubu a tsakiyar wannan shekarar kuwa ta nufi ɗaya ɓangaren ne: ita ce ta ba da ƙarfin doka ga cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da ke ƙarƙashin ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, wadda aka kafa tun 2021.

A Amurka kuwa gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ne ya ba su 'yancin riƙe makami, a 2022 kuma Kotun Ƙolinsu ta ce wannan 'yanci ya haɗa da fita da bindiga waje. Fiye da rabin jihohin ƙasar ba sa ma neman lasisi kafin mutum ya ɓoye bindiga a jikinsa. Duk da haka, ko a can maganar ba ta kwanta ba. Wani bincike da Jacquelyn Campbell ta jagoranta, aka wallafa a 2003, ya gano cewa macen da ke zaune da namiji mai dukanta, haɗarin a kashe ta yana ninkawa kusan sau biyar idan mutumin yana iya kai hannu ga bindiga. Masu bidiyon talla ba sa kawo wannan. Kuma gidan haya na Ja'en ko Ɗorayi, ɗaki ɗaya da yara huɗu da tsakar gida ta kowa da kowa, ina ma za a ajiye ta?

Haƙƙin kare kai yana nan, amma da iyaka

Rashin bindiga bai ɗauke wa mace haƙƙin kare kanta ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya daga farmaki. Kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya fi fayyacewa: kare kai na iya kaiwa har ga mutuwar maharin idan ana fargabar kisa ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum. Wannan tanadi ne da ya kamata kowace mace ta sani, domin ya ambaci fyaɗe da sunansa.

Sharaɗin da ke biye da shi ne ke kayar da mutane: kada ɓarnar da aka yi wa maharin ta wuce abin da ake buƙata don tsira. Shari'ar Sunday Jackson ta nuna yadda kotuna ke tsaurara wannan. Manomi ne a Adamawa da ya ce wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gona, ya ƙwace wuƙar ya kashe shi. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa da zarar ya ƙwace makamin yana da damar guduwa. Hukuncin ya jawo surutu ciki da wajen ƙasa, kuma afuwar gwamnan jihar ce ta fitar da shi daga baya, bayan ya shafe fiye da shekara goma a tsare. Macen da ta harbi yaron da ya fizge mata waya yana gudu, da bindigar da ba ta da lasisi, tuhuma biyu ke jiranta, kuma ko wanne daga ciki ya ishe ta.

Ga kuma yanayin farmakin kansa. Masu ƙwacen waya a Kano ba sa sallama daga nesa. Su biyu ko uku ne, da wuƙa ko ɗanbida, sau da yawa a cikin Adaidaita Sahun da aka hau tare, kafaɗa da kafaɗa. Kafin hannu ya kai ga zif ɗin jaka an gama. Sau da yawa ma jakar ce abin da ake fara fizgewa, wanda ke nufin bindigar ta koma hannun ɗan daba.

Inda matsalar take: hanya da lokaci

Abin da ke jefa ma'aikaciya cikin haɗari a Sharaɗa ko Chalawa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙofar kamfani da ƙofar gida, da kuma lokacin da take yin wannan tafiya. Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a Kano. A watan Yulin 2022 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta hana Adaidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. Matakai ne da aka ɗauka da dalili, amma mai tashi daga aiki cikin dare ita ta fi jin su a jiki, musamman mai zuwa Panshekara ko cikin lungunan Sheka.

A nan akwai wata doka da ba a cika tunawa da ita ba. Sashe na 55 na dokar ƙwadago ya hana a sa mace aikin dare a masana'anta, kuma daren da ake nufi ya haɗa da ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba. An cire ma'aikatan jinya da mata masu riƙe da muƙaman shugabanci waɗanda ba aikin ƙarfi suke yi ba. Masu fafutukar haƙƙin mata sun daɗe suna sukar sashen da cewa yana rage wa mata guraben aiki, kuma suna da hujja. Amma muddin yana nan, makami ne a hannun ma'aikaciya da ƙungiyar ƙwadago: kamfanin da ke riƙe mata har dare ba shi da bakin cewa motar kai su gida alfarma ce. Kuɗin bas ɗaya da fitila mai amfani da hasken rana a bakin ƙofa ba wani abu ba ne ga masana'antar da ke ƙona dizal dare da rana. Matsalar ita ce mata da yawa a waɗannan wurare 'yan aikin yini ne, ana biyansu kullum ko mako-mako, ba takardar ɗauka, ba ƙungiya, kuma wadda ta ɗaga murya gobe wata ce a gurbinta.

Sauran dabarun, matan sun riga kowa saninsu. Fita a ayari maimakon ɗai-ɗai. Riƙe direban Adaidaita ɗaya da aka san gidansu, a haɗa masa kuɗin mako ya riƙa jira a ƙofa. Barin babbar waya a gida ranar da za a yi dare, a fita da ƙarama. Duba lambar da ke jikin Adaidaita kafin a hau, a tura wa wani a gida. Idan kuma an ritsa da mutum, 'yan sanda da likitocin da ke ɗinke masu rauni duk bakinsu ɗaya: a miƙa wayar. 

Gwamnati ma ta yi nata yunƙurin. A watan Mayun 2023 majalisar tsaron jihar ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, gwamnatin Abba Kabir Yusuf da ta biyo baya kuma ta sanar da kotunan tafi-da-gidanka don masu wannan laifi. Kame da hukunci na zuwa ne bayan an yi ɓarna. Sintiri a titunan masana'antu a daidai lokacin canjin aiki shi ne abin da zai riga ɓarnar.

Ga wadda abin ya riga ya faru da ita, lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce daga kowane layi. Hedikwatar 'yan sandan jihar tana Bompai. Wadda aka ci zarafinta ta hanyar fyaɗe kuma, akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, inda ake duba lafiya, a ba da magani, a kuma rubuta rahoton likita da kotu za ta nema. Zuwa da wuri yana da muhimmanci, domin maganin kariya daga cutar HIV yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72.