Amsar Takardunku: Yaya Ake Gane Injin Ban-Ruwa Na Asali Da Na Jabu?

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani manomin rani a ƙaramar hukumar Jibiya. Ya ce dillali ya kawo masa injin ban-ruwa mai inci uku, na hannu, an ce masa Honda ne ɗan Japan, kuma kuɗin da aka tsuga masa sai ya sayar da tumakinsa kafin ya iya biya. Tambayarsa ita ce, ta yaya zai gane ko na asali ne ko kuwa kwaikwayo aka shafa wa jan fenti?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Tambayarka ba taka ba ce kai kaɗai, ta shafi duk mai lambu, daga bakin dam na Jibiya har Ajiwa da Zobe da fadamun Ɗanja. Iyayenmu da jigo suka yi ban-ruwa. Tun da shirin Fadama na Bankin Duniya ya kankama a farkon shekarun 1990, ƙananan injunan fetur suka bazu a Arewa, har ta kai yau in inji ya tsaya, lambu ya tsaya. Wanda injinsa ya mutu a watan Fabrairu, tumatir na tsakiyar fure, shi ya san abin da nake faɗi.

Da farko ka cire ido daga fenti da sitika da murfin igiyar da ake ja. Waɗannan duk kwalliya ce. Murfin nan da ke ɗauke da sunan HONDA, 'yan notina ne ke riƙe da shi, yaron bakanike ma zai canja shi kafin shayi ya huce. Abin da ke da wuyar canjawa shi ne abin da aka buga a jikin ƙarfe.

Injin da ke kan famfon Honda mai inci uku, wato WB30, sunansa GX160. Kamfanin ya fara fito da jinsin GX a 1983, kuma saboda ƙarkonsa ne masana'antu da yawa a ƙasar Sin suka shiga kwaikwayonsa, har ta kai kayan gyaran wannan na shiga cikin wancan. Ka durƙusa ka duba gefen bulon injin, ƙasa da tanki, wajen da ake ɗura baƙin mai. Ka goge dattin wurin da tsumma da ɗan fetur. Na asali za ka ga lamba a tsare, tana farawa da GC, sai wasu haruffa ko lambobi biyu ko uku, sai ɗan layi, sai lambobi 7. Shi kuwa na kwaikwayo, galibi 168F za ka gani. Ma'anarta silinda 1, faɗinta milimita 68, iska ke sanyaya ta. Awon GX160 ke nan aka ɗauka daidai wa daida. In kuwa ka tarar an goge wurin da zarto, ko an cika shi da fenti, ko lambobin sun karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya, to ka tashi ka kakkaɓe rigarka. Ko dai jabu ne, ko kuwa na sata ne, kuma na biyun ya fi na farkon sharri.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne maganar "ɗan Japan". Kamfanin Honda da kansa yana ƙera waɗannan injuna a Tailan, yana kuma da masana'anta a Sin. Saboda haka in ka ga an rubuta Thailand a jiki, wannan bai mai da shi jabu ba, in dai lambar ta yi daidai. Masu sha'awar Robin kuma su sani cewa kamfanin Subaru, mai wannan suna, ya daina ƙera ƙananan injuna a 2017. Duk wanda ya ce muku ga Robin sabo fil daga Japan, ku ƙara bincike.

Sai dai fa, Malam, lamba mai kyau ba ita ce ƙarshen magana ba. Akwai abin da nake kira haɗin gambiza: bulo na Honda ne da gaske, amma kafireta da fistin da kwayil duk an sauya su da na kwaikwayo. Kafiretar asali ta kamfanin Keihin ce, za ka ga sunan a zube cikin jikinta, ba a liƙe ba. Fulogi kam kada ka kafa hujja da shi, kowa na canja fulogi. Nan ne za ka bukaci bakanikenka, wanda kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kira ba. Ka biya shi ladan yini guda. Ya fi maka sauƙi da asarar tumaki.

Daga nan sai gwaji, kuma gwaji a bakin ruwa ake yin sa. Ka ga yadda ake tayar da famfo a tsakiyar kasuwa, a bushe, ana ba shi wuta don a burge mai saye? Wannan ɓarna ce. Akwai sil tsakanin injin da famfon wanda ruwa ke sanyaya shi, in aka bar shi yana gudu ba ruwa sai ya ƙone. Ka ce a kai shi bakin rafi ko rijiya, a cika cikin famfon da ruwa tukuna. Kafin a ja igiya ka taɓa salansa da bayan hannu. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama shi ne don ya tashi da wuri. A jira ya huce. Lafiyayyen inji yana tashi a sanyi, ja ɗaya ko biyu ko uku.

Ka buɗe murfin baƙin mai ka murza shi tsakanin yatsu. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga. In kana jin ɓarɓashi ko kana ganin ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki. Da ya tashi sai ka dubi hayaƙi: shuɗi-shuɗi yana nufin ringi ya cinye, injin na ƙona baƙin mai, baƙi kuma yana nufin yana zuƙar fetur fiye da kima. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, injin da ke shan fetur haka ba abokin arziki ba ne ko da kyauta aka ba ka. Ka leƙa ƙarƙashi, in ruwa na ɗiga tsakanin injin da famfon, sil ya tafi.

Sannan ka zo da duro mai cin lita 200. Kamfanin ya ce sabon WB30 na iya fitar da kimanin lita 1,100 a minti guda, wato ya cika duro cikin daƙiƙa 11 in ruwan na kusa. Na hannu ba zai kai haka ba, ba kuma za mu tsananta masa ba. Amma in aka doshi minti guda duron bai cika ba, alhali tiyo ba ya shan iska, farfelar ciki ta side. Ka kuma tuna cewa irin wannan famfo, na asali ko jabu, ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kimanin mita 8. In rijiyarka ta fi haka, kada ka ɗora wa injin laifi.

Ni dai a nawa ganin, na kwaikwayo ba abin ƙyama ba ne. Manoma da yawa da shi suke rufa wa kansu asiri, kayan gyaransa na da araha, kuma in ana canja masa baƙin mai a kan kari yana fitar da mutum rani. Inda zalunci yake shi ne a sayar maka da shi a kuɗin Honda. In gwaji ya nuna 168F ne mai lafiya, ka taya shi a matsayinsa, in an sallama ka ɗauka.

In ciniki ya faɗa, kada ka ba da kuɗi sai an rubuta takarda. A sa lambar nan ta jikin bulo gaba ɗayanta, da sunan mai sayarwa da garinsu, da shaidu biyu, in da hali a gaban mai unguwa ko sarkin kasuwa. Ana yawan ɗauke injuna a fadama da dare, kuma ranar da mai kaya ya zo da 'yan sanda, wanda aka samu injin a hannunsa shi za a fara tambaya.

Mai sauraronmu na Jibiya, da fatan ka gamsu. Sauran masu takardu a yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.