In A-Kori-Kura Ta Ƙi Tashi: Mai Ne Ko Wuta?

Duk falken da ya taɓa ɗora tumaki a bayan tsohuwar Peugeot 504 daga Dungas zuwa Maigatari ranar Alhamis, ya san irin faɗuwar gaban da ake yi idan mota ta yi tari biyu ta mutu a tsakiyar daji. Rana na ɗagawa, dabbobi na haki, dillalai kuwa ba sa jiran kowa. Abin da yaron mota ke fara yi shi ne ya kwance kafireta ya hau busa, alhali sau da yawa laifin wuta ne, mai bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wannan bayani na motocin fetur ne kawai. Manyan motocin shanu masu shan gas ba su da fulogi, matsin iska ne ke kunna man nasu. Ita kuwa 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 kuma aka soma haɗa ta a Kaduna a 1975, an daɗe da daina ƙera ta, amma har yau akwai masu neman abinci da ita, kuma wutarta mai sauƙin ganewa ce. Batir na ba da bolt 12, kwayil (bobin a bakin kanikawanmu) ya ɗaga shi zuwa dubbai, delko ya raba wa fulogi huɗu, wato buji.

To, a fara da kunne. In an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, injin bai juya ba, a duba kan batir, a kankare farin garin da ya taru, a ɗaure da kyau. In kuwa injin na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, sai a zare wayar tsakiya daga murfin delko, a riƙe ta da filaya mai hannun roba, bakinta kusa da jikin injin kamar rabin santimita, wani ya yi kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas na nufin kwayil da kwantak lafiya lau. Ja ko rawaya mai sanyi, ko shiru gaba ɗaya, matsalar na can baya. Amma don Allah, kafin wannan gwaji a nisanta jarkar fetur, a goge man da ya zuba. Yawancinmu da jarka muke tafiya, kuma tartsatsi ɗaya ya isa.

In babu wuta, a buɗe delko a dubi kwantak, ɗan bakin nan biyu da ke buɗewa yana rufewa. Nan ne mafi yawan rigimar take. Ƙurar hunturu na shiga, bakin ya ƙone ya yi baƙi, ko ɗan robar da ke tura shi ya cinye har ya daina buɗewa. A goge shi da samfefa mai laushi, a juya injin da hannu har ya buɗe iyakarsa, a daidaita tsakanin ya zama milimita 0.4. Wanda ba shi da ma'auni, kwalin magani marar kauri na iya kai shi gari, daga nan bakanike ya gyara sosai. In an sa sabon kwantak ya sake ƙonewa cikin 'yan kwanaki, a zargi kwandansa, ɗan gwangwanin da ke maƙale a gefen delko. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ni a ganina duk mai canza ɗaya ya canza ɗayan.

Akwai wata alama mai ruɗa mutane. Mota ta tashi lafiya da asuba, ta yi tafiyar awa guda ta mutu, a zauna a sha shayi, ta sake tashi kamar ba abin da ya faru. A taɓa kwayil. In ya yi zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba, ya gaji, a nemi wani. Masu barin makulli a kunne suna sauraron rediyo a kasuwa, su ne ke dafa shi da hannunsu.

In wutar tsakiya na da kyau amma injin na gurgunta, wato yana karkarwa ba ƙarfi, a juya murfin delko a duba ko ya tsage, ko ɗan gawayin tsakiya ya ƙare, ko raɓa ta kwanta a ciki kamar yadda takan yi da damina. Sai a fitar da fulogi. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, baƙin toka mai ya yi yawa, jiƙe da baƙin mai kuwa aikin gareji ne. Kada a cire wayoyi huɗun a lokaci guda. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a 504 lamba ɗaya ta wajen giya take, kusa da direba. Wanda ya ƙirga daga gaba kamar a Toyota zai iya rikita su, motar ta yi ta harbi ta kafireta ba ta tashi ba.

Sai bayan wuta ta kai kowane fulogi ne za a koma kan famfon mai da kafireta. Kwantak ɗaya, kwandansa, rota, fulogi biyu da sifanar cire su, duk suna shiga gwangwanin madara a ƙarƙashin kujera.