Katin Bashi A Amurka: Yadda Sayayya Da Taɓa Waya Ke Zama Bashin Shekaru

A Amurka, mutum zai shiga kanti ya ɗauki kaya, ya kara wayarsa a jikin na'urar biya, ta yi ƙara sau ɗaya ya fita. Sau da yawa kuɗin da aka biya ba nasa ba ne, na banki ne, domin abin da ke cikin wayar katin bashi ne. A tsakiyar shekarar 2023 reshen New York na Babban Bankin Amurka ya sanar cewa bashin da ake bin Amurkawa a kan irin wannan kati ya haura dala tiriliyan 1 a karon farko. Zuwa ƙarshen 2024 ya kai kusan dala tiriliyan 1.2. Kasuwar tana ƙara girma, kuma ribarta mafi tsoka daga aljihun waɗanda ba sa biyan bashinsu gaba ɗaya a ƙarshen wata take fitowa.

Bambancinsa da katin ATM

Katin da akasarin matasan Najeriya ke riƙewa, irin su Verve ko katin naira na Mastercard da Visa, katin cirar kuɗi ne: abin da mutum ya ajiye a asusunsa shi zai kashe. Katin bashi kuwa banki ne ke ware wa mutum wani adadi, misali dala 5,000, ya riƙa sayayya da shi. A ƙarshen kowane wata sai a aiko masa da takardar lissafi. Dokar Amurka ta wajabta a ba shi aƙalla kwana 21 tsakanin aiko takardar da ranar biya. Idan ya biya duka kafin ranar, galibin katuna ba sa ɗora masa ko sisi na kuɗin ruwa. Idan ya bar wani abu a baya, to a nan lissafi ke sauyawa.

Tsarin ya daɗe. Katin Diners Club ya fito a 1950, sannan a 1958 Bank of America ya raba katin BankAmericard a garin Fresno na jihar Kalifoniya, wanda daga baya ya koma Visa a 1976. Sabon abin shi ne komawar katin cikin waya.

Inda tsadar take

Daga Maris na 2022 zuwa Yulin 2023 Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin 100 domin yaƙi da hauhawar farashi. Yawancin katunan bashi a ɗaure suke da wannan ma'auni, don haka nasu ma ya tashi, har matsakaicinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Katunan da manyan kantuna ke bayarwa da sunansu sun fi tsada, da yawa daga cikinsu sun kai kashi 30 ko fiye.

Hukumar CFPB, wadda aka kafa domin kare masu hulɗa da bankuna da kamfanonin bashi, ta fitar da rahoto a 2023 da ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai an caji masu kati sama da dala biliyan 105 na kuɗin ruwa, da sama da dala biliyan 25 na wasu caje-caje. Cikin waɗannan caje-caje, tarar jinkirin biya ce ta fi yawa, kusan dala biliyan 14.5. A Maris na 2024 hukumar ta fitar da ƙa'idar rage wannan tara daga kusan dala 32 zuwa dala 8 ga manyan bankuna. Ƙungiyoyin bankuna da 'yan kasuwa suka garzaya kotu a jihar Texas, alƙali ya dakatar da ƙa'idar kafin ta fara aiki, kuma a Afrilun 2025 aka soke ta.

Akwai kuma cajin da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya ciri tsabar kuɗi da katin bashi a na'urar ATM yakan biya kashi 3 zuwa 5 cikin 100 nan take, kuma kuɗin ruwa ya fara hawa daga ranar, babu kwanakin sassauci. Wasu katunan kantuna kuma sukan yi tallar wata 12 ba ruwa, amma idan wa'adin ya cika da sauran ko dala ɗaya, sai a ɗora wa mutum ruwan watannin baya gaba ɗaya.

Tarkon mafi ƙarancin biya

A kowace takardar lissafi akwai adadi biyu: jimlar bashin, da mafi ƙarancin abin da za a biya don kauce wa tara. Na biyun ne ke ruɗar mutane, saboda yana da sauƙi a ido.

Ga misali da lissafi. Mutum yana da bashin dala 5,000, kuɗin ruwa kashi 22 cikin 100 a shekara. Ruwan wata ɗaya kusan dala 92 ne. Bankuna da dama suna lissafa mafi ƙarancin biya a matsayin kashi 1 cikin 100 na bashin haɗe da ruwan watan, wato kusan dala 142. A cikin wannan kuɗi dala 50 kacal ce ta rage uwar bashin. Idan ya ci gaba da biyan mafi ƙarancin kawai, a katin da ba ya karɓar ƙasa da dala 35 a wata, kuma bai sake sayen komai ba, zai shafe kusan shekara 16 yana biya, ruwan da zai zuba kuma zai wuce dala 7,000, ya fi bashin da ya ci tun farko. Da zai dage ya riƙa biyan dala 250 duk wata, da ya gama cikin shekara biyu da 'yan makonni, da ruwan da bai wuce dala 1,300 ba.

Saboda wannan ne dokar katin bashi ta 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar lissafi tsawon lokacin da mutum zai ɗauka idan ya tsaya a mafi ƙarancin biya. Ita ce kuma ta hana ba wa ɗan ƙasa da shekara 21 kati sai ya nuna yana da hanyar samun kuɗi ko wani babba ya tsaya masa. Duk da haka, alƙaluman reshen New York sun nuna cewa 'yan ƙasa da shekara 40 ne suka fi faɗawa cikin jinkirin biya mai tsanani a shekarun nan. Illar ba ta tsaya a tara ba. Jinkirin da ya kai kwana 30 yana shiga tarihin bashin mutum ya rage makinsa na FICO, wanda ke tsakanin 300 da 850, kuma yana iya zama a wurin har shekara bakwai. Da wannan tarihi ake dubawa wajen ba da bashin mota, bashin gida, har da hayar ɗaki.

Wa ke biyan kuɗin garaɓasa?

Babbar hanyar tallar kati a yau ita ce garaɓasa: a mayar wa mutum kashi 1 ko 2 cikin 100 na abin da ya kashe, ko a ba shi makin tikitin jirgi. Kuɗin yana fitowa ne daga cajin da ake cirewa a hannun mai kanti duk lokacin da aka biya da kati, wanda a Amurka yake kusan kashi 2 cikin 100. Tarayyar Turai ta ƙayyade irin wannan caji a kashi 0.3 cikin 100 tun 2015, shi ya sa garaɓasar can ba ta kai ta Amurka ba. Mai kanti kuwa yakan mayar da cajin cikin farashi, kowa ya biya, har da mai tsabar kuɗi. Wanda ke biyan bashinsa duka kowane wata yana cin garaɓasar kyauta. Wanda ke barin saura yana karɓar kashi 2 ya mayar da sama da kashi 20.

Kamfanonin fasaha sun shigo

A Agustan 2019 Apple ya fitar da Apple Card tare da bankin Goldman Sachs, katin da ake nema a samu cikin mintuna a manhajar waya. A Oktoban 2024 CFPB ta umarci kamfanonin biyu su biya sama da dala miliyan 89 na tara da diyya, bisa samunsu da gazawa wajen bincika dubban ƙorafe-ƙorafen masu kati, da kuma ruɗar da wasu game da sayen kayan Apple a biya kaɗan-kaɗan ba ruwa. A ɓangaren bankuna kuma kasuwar tana tattaruwa a hannun 'yan kaɗan: a Mayun 2025 Capital One ya kammala sayen Discover a cinikin da aka sanar kan dala biliyan 35.

A gefe guda akwai tsarin saya yanzu biya daga baya, na kamfanoni irin su Klarna, Affirm da Afterpay, inda ake raba farashi kashi huɗu cikin mako shida, galibi ba ruwa. Haɗarinsa shi ne mutum ya tara irin wannan bashi a manhajoji uku ko huɗu a lokaci guda, kowanne da ranar cirarsa. Wasu ma da katin bashi suke biyan kason, bashi a kan bashi.

Damfara da satar bayanai

Biya da Apple Pay ko Google Pay ya fi miƙa kati tsaro, domin lambar katin ta ainihi ba ta isa hannun mai kanti, wata lamba ta daban ce wayar ke turawa. Amma bayanan da ke hannun kamfanoni suna iya fita. A 2017 an kutsa Equifax, kamfanin da ke adana tarihin bashi, aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. A 2019 an kutsa Capital One, abin ya shafi mutum kusan miliyan 100 a Amurka. Dokar ƙasar ta taƙaita asarar mai katin bashi a dala 50 idan aka yi amfani da katinsa ba da izininsa ba. Shi ya sa 'yan damfara suka fi karkata ga saƙon bogi da kiran waya da sunan banki, su sa mutum ya karanto musu lambar sirrin da aka turo masa da bakinsa.

Abin da ya shafi mai waya a Najeriya

Katin bashi bai yaɗu a Najeriya ba, amma lissafinsa ya iso ta manhajojin rance da tsarin sayen waya a biya kaɗan-kaɗan. A 2022 hukumar FCCPC ta wajabta wa masu ba da rance ta intanet yin rajista, bayan yawaitar koke kan tura saƙon tozarci ga 'yan uwa da abokan wanda ake bi. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutum. Ga ɗalibin da ke shirin karatu a Amurka kuwa, tayin kati na cikin abubuwan farko da zai tarar.

Kafin a danna amincewa, tambayoyi huɗu sun isa: nawa ne ruwan a shekara, ba a wata ba, domin kashi 5 a wata ya haura kashi 60 a shekara, nawa ce tarar jinkiri, nawa ce jimlar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe, kuma wane izini manhajar ke nema a wayar. Masu guje wa kuɗin ruwa saboda addini suna da ƙarin dalilin karanta sharuɗɗan, domin tayin da aka rubuta ba ruwa yakan koma mai ruwa daga ranar da aka saɓa wa'adi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ba zai iya biyan jimlar a ƙarshen wata daga kuɗin da yake da tabbacin samu ba, gara ya jinkirta sayen.