Takardar Gayyatar Baƙo Daga Ƙetare: Nauyin Da Ke Kan Kamfanin Da Ya Sa Hannu

AZARE — Ɗan kasuwar da ya sayo injin casar shinkafa ko na tace riɗi daga Sin ko Indiya domin kafawa a Dagauda, cikin ƙaramar hukumar Dambam, yakan tarar cewa injin ba zai tashi ba sai injiniyan kamfanin da ya ƙera shi ya zo da kansa. Haka kuma dillalin riɗi na kasuwar Azare yakan so mai saye daga ƙetare ya zo ya ga kaya da idonsa kafin a ƙulla ciniki. Duka biyun suna bukatar takardar gayyata, amma bizar da kowane baƙo zai nema daban ce, kuma a nan ne ƙananan kamfanoni da yawa suke tuntuɓe.

Shigo da ƙwararru ba baƙon abu ba ne a jihar Bauchi. Kamfanin harhaɗa motoci da taraktoci na Steyr da ke Bauchi ya tashi ne da haɗin gwiwar mutanen Ostiriya, shi kuwa kamfanin siminti na Ashaka, wanda yake cikin jihar kafin a ƙirƙiro Gombe a 1996, da na Blue Circle na Ingila. Sai dai waɗannan manyan kamfanoni ne masu lauyoyi da ma'aikatan da suka san ƙa'ida. Mai ƙaramin kamfani shi ne manaja, shi ne magatakarda.

Bizar kasuwanci ta gajeren zama ce. An tanade ta domin halartar taro, tattaunawa kan kwangila, duba kaya ko zuwa baje koli. Ba ta ba baƙo ikon kama aiki ba. Saboda haka mai sayen riɗi ya dace da ita, amma injiniyan da zai kafa inji, ko ya gyara, ko ya horar da ma'aikata, izinin aiki na wucin gadi ya kamata a nema masa, wanda ake kira TWP, kuma kamfanin ne zai rubuta wa Kwanturola-Janar na Hukumar Shige da Fice yana neman amincewa. In kuwa ɗaukar mutumin za a yi aiki na dindindin, to sai kamfanin ya fara samun gurbin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, baƙon ya shigo, sannan a ba shi katin zama da aiki na CERPAC.

Waɗansu sukan rubuta cewa injiniya zai zo taro ne, don ganin bizar kasuwanci ta fi saurin fita. Wannan dabara ce mai tsada. Jami'in shige da fice da ya tarar da baƙo riƙe da sifana a gindin inji, alhali takardarsa ta ce taro, yana da hurumin tsare shi, kuma kamfanin da ya gayyato shi ne zai amsa tambaya. Aiki ya tsaya, kuɗin jirgi ya salwanta.

Ita takardar kanta ba ta da tsawo. Ana buga ta a kan takardar kamfani mai ɗauke da suna, adireshi da lambar rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wadda aka kafa a 1990. A rubuta sunan baƙo daidai yadda yake a fasfonsa, ko harafi ɗaya kada ya saɓa, tare da lambar fasfon, ƙasarsa, kamfanin da yake wa aiki da muƙaminsa. Sai dalilin zuwa a fayyace, ranar shigowa da ranar fita, da masaukinsa. Idan a Azare zai kwana yana zuwa Dagauda da rana, a faɗi hakan. Darakta ko babban jami'in kamfani ne yake sa hannu, a haɗa da kwafin takardar shaidar rajista. Shi kuma baƙon ya tanadi fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida, da tikitin komawa.

Jimla mafi nauyi a cikinta ita ce wadda kamfani yake cewa ya ɗauki cikakken alhakin baƙon ta fuskar shige da fice. Mutane sukan kwafe ta ba tare da sun tsaya a kanta ba. Ma'anarta ita ce kamfanin ya tsaya wa baƙon, kamar yadda fatoma yake tsaya wa falken da ya sauka a gidansa: zamansa, bin dokarsa, fitarsa a kan lokaci, har da kuɗin mayar da shi gida idan ta kai ga haka. Wannan ne ya sa ba a ba da aron takardar kamfani ga wani wanda ya ce yana da baƙo.

Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, ita ce ginshiƙin waɗannan ƙa'idoji. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da sabon tsari wanda ya faɗaɗa rukunan biza daga 6 zuwa 79. Daga 1 ga Mayu, 2025 kuma aka soma bayar da bizar gajeren zama ta intanet, a madadin wadda ake karɓa a filin jirgi, aka kuma sanar da tarar dala 15 a kan kowace ranar da baƙo ya ƙara bayan wa'adinsa. Takardar gayyata yanzu ana ɗora hotonta ne a shafin hukumar, don haka wajibi ne ta fito sarai, sa hannu da hatimi su karantu.

'Yan ƙasashen ECOWAS ba sa bukatar biza domin ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, bisa yarjejeniyar 1979. Kamfanin da ke shakkar rukunin da baƙonsa ya faɗa zai iya tuntuɓar ofishin Hukumar Shige da Fice na jiha a Bauchi kafin a yanki tikiti.