Sulke: Kimiyyar da ke Cikin Ɗan Zoben Ƙarfe

A ranar Hawan Daushe a birnin Kano, cikin jerin mahaya akan ga waɗansu sanye da riga mai walƙiya wadda ba ta san zare ko masaƙa ba. Wannan riga ita ce sulke. Da ƙarfe aka yi ta, amma tana lanƙwasuwa tana bin jiki kamar tufa. Asirin wannan abin mamaki yana cikin ɗan zoben da bai kai girman farce ba, wanda aka sarƙa dubbansa wuri guda.

Tarihinsa

Daga cikin sulke mafi tsufa da masu binciken kayan tarihi suka haƙo akwai wanda aka samu a wani kabari a Ciumeşti ta ƙasar Romaniya, mai shekaru fiye da 2,000. A ƙasar Hausa kuwa, littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) ne aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. A shekarar 1964 wani masani mai suna A.D.H. Bivar ya wallafa bincikensa a kan makaman Arewacin Nijeriya, inda ya nazarci irin waɗannan riguna. Bayan da bindiga ta yi ƙarfi, sulke ya bar fagen fama ya zama kayan ado na sarauta.

Yadda ake yin zobe

Aikin yana farawa ne da waya. Maƙeri yakan buge ƙarfe da masaba har ya zama siriri, sa'an nan ya riƙe shi da awartaki ya jawo shi ta cikin hudar wani faifan ƙarfe, daga huda mai faɗi zuwa wadda ta fi ta ƙanƙanta, har wayar ta kai kaurin da ake so. Daga nan sai a naɗe ta a jikin sandar ƙarfe, a yanka naɗin a tsaye, zobba su zubo ɗaya bayan ɗaya. Idan da siririn zarto aka yanka, bakin zoben kan haɗu daidai. Idan kuwa da almakashi ne, bakin kan matse ya bar kafa. A sulken yaƙi akan faɗaɗa bakunan biyu, a huda su, a kafa musu 'yar ƙusa. A saƙar da aka fi sani, kowane zobe yana riƙe da huɗu.

A nan lissafi ke shigowa. Tsawon wayar zobe guda shi ne 3.14 sau jimlar kaurin sanda da na waya. Misali, sanda mai kaurin milimita 6 da waya mai milimita 1.5 za su ba da 3.14 sau 7.5, wato kusan milimita 23.6. Rigar da ke da zobba 20,000 za ta ci waya wajen mita 470 ke nan.

Dalilin da waya ke taurara

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya sau da yawa ya san tana ƙara tauri, daga bisani ta karye. Dalili shi ne ƙwayoyin atam na ƙarfe a jere suke sahu-sahu, kuma sahun kan zame a kan ɗan'uwansa idan aka danne shi. Yawan bugu da ja kan hargitsa wannan jeri, zamewar ta yi wuya, sai ƙarfen ya taurare. Maganinsa wuta ce. Idan aka gasa wayar ta yi ja, atam ɗin kan sake jeruwa, ta koma da taushi. Amma akwai bambanci: jan ƙarfe ko an tsoma shi a ruwa da zafinsa yana nan da taushinsa, alhali baƙin ƙarfe mai sinadarin gawayi idan aka tsoma shi sai ya yi tauri ƙwarai. Saboda haka wanda ake so ya yi taushi akan bar shi ya huce sannu a hankali.

Gogewa da yaƙi da tsatsa

Sabon zobe yana da kaifi a baki da karce a jiki. Tun da ba ya yiwuwa a bi dubban zobba ɗaya-ɗaya da magagari, mutanen dā a Turai sukan zuba sulke cikin ganga tare da yashi su yi ta mirgina ta. Masu yin sarƙa da warwaro na zamani su ma hikimar ke nan suke bi: ganga ce ƙarama mai juyawa da lantarki, a ciki akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ruwa da ɗan sabulu. Yashi kankare saman ƙarfe yake yi. Ƙwallayen kuwa danne tudun karcen suke yi har wurin ya yi sumul. Wuri mai sumul yana mayar da haske ta fuska guda, shi ne ido ke gani a matsayin walƙiya.

Babban abokin gaban sulke shi ne tsatsa, wadda ke samuwa idan baƙin ƙarfe ya haɗu da danshi da iskar oksijin. Shafa mai da ajiya a busasshen wuri, musamman da damina, su ne kariyarsa. Jan ƙarfe da tagulla kuwa dusashewa suke yi, kuma tsamin lemo ko na tsamiya kan narkar da dattin da ya rufe su. A shekarar 1913 Harry Brearley, a birnin Shafil na Ingila, ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa ta hanyar gauraya shi da kuromiyam. Da irinsa ake saƙa safar hannun da mahauta ke sawa a manyan mayanka don kare yatsu daga wuƙa.

Darasi ga makarantu

Malamin kimiyya a Madadi ta ƙasar Gwarzo, ko a Kabo, ba ya bukatar kayan aiki masu tsada kafin ya koyar da wannan. Guntun wayar jan ƙarfe daga lalataccen injin fanka, da ƙusa babba, da filaya biyu, da gwangwani mai yashi sun isa ɗalibai su naɗe, su yanka, su goge, su kuma auna. In an gayyato maƙerin gari ya nuna musu gashin waya, ribar ta zama biyu: yara sun ga kimiyya da idonsu, sana'ar kuma ta sami magada. Tsohon sulken da tsatsa ta ci zobbansa ba shi da mai ceto sai wanda ya san yadda aka yi su.