Makafi da Kurame a Dandalin Labari na Intanet: Aikin da ke Gaban Masana Harshe

1.0 Gabatarwa

A gargajiyance, labari a ƙasar Hausa abin kunne ne, domin mai tatsuniya da muryarta take zana dodo da jeji, har makaho da mai ido su tashi da rabo ɗaya. Tun daga fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, labari ya koma haɗakar hoto da sauti da rubutu, daga baya kuma ya ƙaura zuwa intanet, musamman YouTube. A wannan dandali makaho rabin labari yake samu, kurma ma haka. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa cike wannan giɓi aikin fassara ne, don haka ya rataya a wuyan masana harshe.

2.0 Mayar da Hoto Magana

Ƙa'idojin da ƙungiyar W3C ta fitar a 1999, ta kuma sabunta a 2008, sun tanadi cewa duk abin da aka nuna wa ido a samar masa da madadi cikin kalmomi. A fim, ana yin haka ta hanyar sanya muryar mai bayani a gurbin da 'yan wasa suka yi shiru. Gurbin kuwa ƙanƙane ne, shi ya sa amsa-kama ke da muhimmanci: "ta zauna jugum", "ya miƙe zumbur", "ya tsaya cak". Kalmomi uku sun ɗauke nauyin jimla biyu. Bugu da ƙari, wajibi ne mai bayani ya san al'ada. Tagumi da harara da taɓe baki da sunkuyar da kai duk zance ne, kuma budurwar da aka tambaya ta yi shiru don kunya ta riga ta ba da amsa. Idan ba a faɗa ba, makaho shirun kawai zai ji.

Rubutu ma yana da tasa matsalar. Manhajar da ke karanta wa makaho allo da abin da aka rubuta take aiki, alhali ƙa'idojin rubutun Hausa ba sa nuna karin sauti da tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo siffarsu ɗaya a takarda. Idan kuma marubuci ya yar da ƙugiyar baƙi, "ƙafa" ta koma "kafa", ma'ana ta rikice.

3.0 Mayar da Sauti Abin Gani

Rubutun Ingilishi da ake sawa a ƙasan finafinan Hausa don mai kunne wanda ba ya jin Hausa aka yi shi. Kurma yana buƙatar fiye da haka: wa ke magana, da wace murya, kuma me aka ji a bayan fage. Sallama daga zaure ko guɗar da ke sanar da isowar amarya suna iya juya labari, ba tare da an gan su ba.

Har ila yau, wanda aka haifa kurma harshensa na farko na hannu ne. A nan akwai harsuna biyu: maganar hannu ta Hausa, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa a 2000, da ta makaranta, mai tushe a ta Amurka, wadda ta bazu bayan Andrew Foster ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Mai shirya labari sai ya tantance waɗanda yake nufi kafin ya ɗauko tafinta.

4.0 Kammalawa

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙi, amma doka ba ta ƙirƙirar kalma. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su tattara kalmomin bayanin motsin jiki, su daidaita yadda za a rubuta sautukan bayan fage, su kuma tanadi matani masu alamar karin sauti don horar da manhaja. Tun da Yarbanci da Ibo ma harsuna ne masu karin sauti, haɗa hannu zai rage wahala. A kowane mataki kuwa, makafi da kurame su ne alƙalan da za su ce labari ya isa ko bai isa ba.